Yadda sabon shiga zai fara buga Pot-Limit Omaha a teburin kuɗi ba tare da an yi masa ƙarƙaf ba

Omaha da Holdem nau'i biyu ne na wasan karta na poker. Mafi yawan masu zuwa Omaha daga Holdem suke tahowa, kuma da idon Holdem suke kallon katin, toh daga nan matsalar ke farawa. A Holdem kati biyu ake raba maka, a nan huɗu ne, sai mutum ya ɗauka ai wasan ɗaya ne an dai ƙara masa sa'a. Ya manta kowa a teburin ma huɗun aka ba shi. Kati huɗu idan ka haɗa su bibbiyu suna ba da haɗi shida, kenan idan kana fuskantar mutum uku kamar kana kokawa da hannun Holdem goma sha takwas ne a lokaci guda. Shi ya sa hannun da kake taƙama da shi a can, a nan sau da yawa na biyu ne ko na uku, kuma hannu na biyu shi ke cinye kuɗin sabon shiga, ba mummunan kati ba. Mummunan kati ai yar da shi kake yi ka huta.

Wasan ya shiga gidajen caca na Las Vegas a Amurka ne a 1982, a Golden Nugget, har aka ɗan kira shi Nugget Holdem a lokacin, yanzu kuwa PLO ake cewa, wato Pot-Limit Omaha a taƙaice. Zan yi amfani da kalmomin da ake faɗa a tebur: fot shi ne kuɗin da ya taru a tsakiya, balaind kuɗin dole da mutum biyu ke sakawa kafin a raba, fulof kati uku na farko da ake buɗewa, tan na huɗu, na biyar kuma zan riƙa ce masa katin ƙarshe. Kala kuma ina nufin alamomin nan huɗu, zuciya ♥, daimon ♦, sifed ♠ da kulob ♣. Nots shi ne hannun da babu wanda ya fi shi a wannan lokacin.

Mataki na farko: biyu daga hannu, uku daga tebur

Wannan dokar ka haddace ta har ta zama jiki. Dole kati biyu cif daga hannunka, uku cif daga tebur, ba ɗaya ba, ba uku ba. Idan akwai zuciya huɗu a tebur kai kuma A♥ ɗaya tak ke hannunka, ba ka da fulash, wato kati biyar kala ɗaya, ko kaɗan. Idan tebur ya nuna 7-7-7 kai kana da A-K-Q-J, ba ka da ful haus, wato uku iri ɗaya haɗe da tagwaye, abin da kake da shi bakwai uku ne da A da K, mai 2-2 a hannu ya doke ka. Idan aka raba maka A-A-A-5 kada ka yi murna, biyu kawai za su yi aiki kuma ka riƙe na ukun da kake fatan ya fito a tebur. 2-2-2-2 shi ne mafi lalacewar hannu a wasan gaba ɗaya.

Kafin ka saka ko sisi ka ɗauko karta ka riƙa raba wa kanka: hannu huɗu, tebur biyar, ka faɗi mene ne nots a fulof, mene ne a tan, mene ne a ƙarshe. Ka yi ta yi har sai ka daina tsayawa tunani. Abin kamar wasan yara amma wanda bai yi ba a tebur zai koya da kuɗinsa.

Mataki na biyu: lissafin fot

A wannan wasan ba ka da ikon tura duk kuɗinka lokacin da ka ga dama, iyakarka girman fot. Idan babu wanda ya zuba kafin kai, abin mai sauƙi ne, fot 10 iyakarka 10. Idan wani ya riga ya zuba kana son ƙarawa, sai ka ninka abin da ya zuba sau uku ka haɗa da sauran kuɗin da ke tsakiya. Fot 10, ya zuba 10, sau uku 30, a haɗa da 10, za ka iya kai shi 40. Kafin fulof idan balaind 1 da 2 ne, 2 sau uku 6, da ƙaramin balaind 1, kenan 7, wato babban balaind uku da rabi. Abu ɗaya da ke rikita mutane: kuɗin da kai ka saka a wannan zagayen ba a ƙirga shi a lissafin. A intanet akwai maɓallin da ke yi maka wannan, a teburin zahiri kuma kana cewa fot mai rabo zai lissafa, amma ka iya da kanka, domin da shi ne za ka hango nawa za a iya ɗora maka a gaba. Fot yana ninkuwa uku duk lokacin da aka zuba cikakke aka bi: 7 ya koma 21, ya koma 63, ya koma 189. Ka ga bi ɗaya da ka yi da wasa a fulof, kafin ka ankara duk abin da ke gabanka ya shige.

Mataki na uku: wane hannu za ka shiga da shi

Nan ne zan daɗe, don rabin asarar sabon shiga tun kafin fulof ake yin ta. A Holdem haɗin farko 1,326 ne, a Omaha 270,725, babu wanda zai haddace jadawali, sai dai ka koyi yadda ake kallon hannu. Tambayar kullum ita ce: katunan nan huɗu suna aiki tare kuwa, kuma idan sun dace da tebur nots za su ba ni ko na biyu?

Abu uku kake dubawa. Girma, jeruwa, da kala. Hannu irin K-Q-J-10 ko J-10-9-8 a jere yake, duk inda tebur ya faɗo a tsakiya ko sama yana da abin kamawa. Idan kuma kala biyu-biyu ne, misali J♠ 10♠ 9♥ 8♥, ya ƙara daraja sosai don ƙofar fulash biyu gare shi. Katin A mai ɗan'uwa a kala ɗaya, kamar A♦ 9♦, shi ne ke ba da fulash ɗin da babu na sama da shi, kuma wannan kaɗai yana ɗaga hannu. Manyan tagwaye, A-A da K-K da Q-Q, suna da kyau idan sauran biyun suna taimaka musu. A-A-K-K da A-A-J-10 masu kala biyu-biyu su ne sarakunan wasan.

Yanzu ga abin da za ka guje wa. Na farko hannu mai bare a ciki, uku sun haɗa kai ɗaya yana gefe, kamar K-Q-J-4. Wannan 4 ɗin ya kashe maka haɗi uku cikin shida, kana wasa da kati uku abokan karawarka na wasa da huɗu. A kujera mai kyau za ka iya buɗewa da shi idan yana da kala, amma ba hannun bin ƙari ba ne daga ko'ina. Na biyu ƙananan tagwaye, 2-2 zuwa 6-6. Kusan sau ɗaya cikin takwas ne za su zama set a fulof, wato na ukunsu ya fito a tebur, kuma ranar da suka zama ɗin, idan kuɗi mai yawa ya shiga, sau da yawa wani yana da set ɗin da ya fi naka, kai kuma kati ɗaya tak ya rage maka a duk kartar. Na uku ƙananan jeri kamar 6-5-4-3, suna da kyan gani amma idan jerin kati biyar ya cika ƙasansa suke kamawa. Na huɗu kala uku ko huɗu iri ɗaya a hannu, kana riƙe da katin da kake nema da kanka. Sannan idan akwai giɓi a jerin, gara ya zama a ƙasa, J-10-9-7 ya fi J-9-8-7, saboda na farkon ya fi kama saman jeri.

Wani abu da ya kamata ka sani shi ne hannaye a Omaha kusa-kusa suke kafin fulof. A Holdem A-A yana cin K-K sama da kashi 80 cikin ɗari. A nan A-A mai kyau idan ya haɗu da jeri mai kala biyu-biyu, wajen kashi 60 ne kawai. Wasu suna jin haka sai su ce toh ai kowane kati ana iya shiga da shi tunda tazarar kaɗan ce. Wannan kuskure ne babba, kashin nan ana samun sa ne idan an kai ƙarshe an buɗe, kai kuma da tarkacen hannu ba za ka kai ƙarshen ba, ko dai a kore ka a fulof ko ka kai da na biyu ka biya.

Mataki na huɗu: kujera

Wanda ke magana a ƙarshe ya ga abin da kowa ya yi kafin ya yanke shawara, kuma a wasan da iyakarsa fot ne shi ke riƙe da linzamin girman fot ɗin. Yana so ya ƙaru ya zuba, yana so ya ga kati kyauta ya yi cek, wato ya wuce ba tare da ya zuba komai ba. A tebur mai mutum shida, idan kai ne farkon magana ka matse sosai, manyan jeri masu kala, manyan tagwaye masu mataimaka, A mai kala da abokai na kirki, shikenan. Kana matsowa kusa da botin, wato kujerar da ke magana a ƙarshe daga fulof zuwa gaba, kana sassautawa, a botin ɗin kansa za ka iya buɗe kusan rabin hannayenka idan kowa ya yar kafin kai. Ƙaramin balaind kuwa ita ce kujera mafi wahala, kada rangwamen rabin balaind ɗin nan ya ja ka.

Idan za ka fara shiga, ka shiga da ƙari zuwa fot, kada ka riƙa lallaɓowa da bin balaind kawai. Idan wani ya buɗe kai kana bayansa da A-A mai kyau ko babban jeri mai kala biyu-biyu, ka sake ƙarawa don ku rage ku biyu kana da kujera a kansa. Hannayen da ke neman nots, irin A mai kala da tagwaye manya, su ba sa tsoron taro, za ka iya bi kawai.

Mataki na biyar: fulof, ƙirga aut na gaskiya

Aut shi ne katin da idan ya fito hannunka ya cika. A fulof ka ga kati 7, saura 45 da ba ka gani ba. Neman fulash aut 9 ne, kusan kashi 36 kenan zuwa katin ƙarshe. Amma abin da ya bambanta Omaha shi ne rap, wato neman jeri da ya naɗe katin tebur ta sama da ƙasa. A Holdem iyakar neman jeri aut 8, a nan ana samun 13, 17, har 20.

Bari mu ɗauki tebur ɗaya, 9-8-2 kala daban-daban, mu gwada hannu uku a kansa.

Kana da Q-J-10 da wani kati. Q uku da suka rage, J uku, 10 uku, 7 huɗu, duka 13, kuma kowanne cikinsu nots yake ba ka. Kusan rabi da rabi ne ka cika kafin ƙarshe. Wannan hannun zuba kuɗi ne da ƙarfin gwiwa.

Kana da 7-6-5 da wani kati. Ƙirga: 7 uku, 6 uku, 5 uku, 10 huɗu, shi ma 13 ne cif. Amma duba da kyau. Idan 10 ta fito kana da 6 zuwa 10, mai Q-J ya fi ka, mai J-7 ma ya fi ka. Idan 7 ta fito mai J-10 ya fi ka. Idan 6 ta fito mai 10-7 ya fi ka. 5 kaɗai ke ba ka nots, aut 3 kenan cikin 13. Lamba ɗaya da na farko amma tsakaninsu kamar sama da ƙasa, kuma idan waɗannan hannaye biyu suka haɗu a fot ɗaya mai 7-6-5 ne ke biyan kuɗin makaranta.

Kana da J-10-7-6. Wannan shi ne babban rap, Q huɗu, J uku, 10 uku, 7 uku, 6 uku, 5 huɗu, aut 20, kusan kashi 70 zuwa ƙarshe, 14 daga ciki nots ne. Irin wannan yana iya fin wanda ya riga ya haɗa hannu dama, abin da ɗan Holdem ke shan wuyar yarda da shi.

Toh amma duk wannan lissafin a tebur mai kala daban-daban ne. Da a ce 9 da 8 ɗin duka zuciya ne kai kuma ba ka da zuciya, sai ka cire duk aut ɗin da ke zuciya, don suna cika maka jeri suna cika wa wani fulash. Haka idan tebur ya yi tagwaye, kamar 9-9-8, jeri da fulash duk darajarsu ta zube, kada ka nemi komai a irin wannan teburin da kuɗi mai yawa. Ka saba wa kanka da ƙirga aut masu tsabta kawai. Sannan ka haɗa da farashi: wanda ya zuba cikakken fot yana ba ka biyu a kan ɗaya, kana buƙatar cin kashi 33 kafin bin ya biya kansa, rabin fot kuma kashi 25. A tan kati ɗaya ya rage cikin 44, aut 9 kusan kashi 20 ne, bai kai ba, sai idan kana da tabbacin za a biya ka a ƙarshe kuma abin da kake nema nots ne.

Hannun da ya koya min wannan ba zan manta shi ba. Ina babban balaind da K♥ 8♥ Q♣ 3♦, mutum huɗu muka ga fulof, 10♥ 6♥ 2♠. Wani ya zuba, na bi, wani a bayana ya bi. Tan ta zo 4♥, fulash ɗina ya cika da K a sama, zuciyata ta buga, na zuba fot, wanda ke bayana wanda tun da na zauna ban ga ya yi wani motsi ba ya ninka min zuwa fot nan take ko daƙiƙa biyu bai yi ba. Na san kati ɗaya ne a duniya ya fi nawa, na ce ai ba lallai yana da shi ba, na tura sauran. A♥ 5♥ ya buɗe. Katin ƙarshe J♣ ya fito ba wanda ya kalle shi ma, don babu katin da zai cece ni. Abin da ya fi damuna daga baya shi ne kuskuren ba a tan ya fara ba, tun shigata da wannan hannun cikin mutum huɗu na riga na sayi tikitin zama na biyu. A ƙananan tebura idan mai shiru ya ƙara maka zuwa fot a tan ko a ƙarshe, ka yarda da shi, nots ne da shi kusan kullum.

Mataki na shida: nots ma iri biyu ne

Akwai nots mai gaba, akwai wanda ya tsaya cak. Ka ce kana da J♣ 10♦ 4♠ 3♣, tebur 9♥ 8♥ 7♠. Jeri gare ka mafi girma, a yanzu babu wanda ya fi ka. Ka zuba, wani ya ƙara, kun yi zurfi kowa da balaind ɗari ko fiye. Wane hannu ne ke ƙara maka a nan? Sau da yawa J-10 ɗin ne shi ma, amma tare da wani abu, misali Q♥ J♥ 10♠ K♣. Yanzu kun yi kunnen doki, amma duk zuciyar da ta fito ya cinye, 10 ta fito ya hau sama da Q-J, J ta fito ya hau da Q-10, kai kuma babu wani kati da zai ba ka fot ɗin kai kaɗai. Mafi kyawun abin da zai same ka a raba, mafi muni ka rasa duka. Don haka nots marar gaba a fulof, cikin zurfin kuɗi, ba abin rige-rigen turawa ba ne, ka bi ka ga tan mai lafiya tukuna, wani lokacin ma idan mutum biyu suna ta ƙara wa juna yar da shi ba abin kunya ba ne. Kai kuma ka riƙa neman zama wancan mutumin, mai nots da ƙofa a gaba.

Set ma haka. Babban set a fulof hannu ne na gaske, kusan sau ɗaya cikin uku zai zama ful haus ko huɗu iri ɗaya kafin ƙarshe, aut 7 a tan, 10 a katin ƙarshe. Na tsakiya da taka-tsantsan. Na ƙasa idan wuta ta kama ka sake shi. Tagwaye biyu na ƙasa ba komai ba ne a taro. Ful haus ma akwai ƙarami, a tebur K-7-7 mai K-7 yana jin ya gama, mai K-K na zaune yana jiran sa.

Mataki na bakwai: A-A da zurfin kuɗi

Ka riƙa raba abin da ya rage a gabanka da girman fot a fulof, wannan lambar ita ke gaya maka ko hannu ɗaya ya isa ka tura. Misali kowa da balaind 100. Ka buɗe 3.5 daga botin, babban balaind ya bi, fot 7.5, saura 96.5, kusan ninki 13 kenan. A irin wannan zurfin A♠ A♦ 7♣ 2♥ a tebur 9-8-6 mai kala biyu, tagwayen A ne kawai, an zuba maka ka yar ba tare da baƙin ciki ba. Amma idan ka buɗe 3.5, wani ya ƙara zuwa 12, ka mayar masa fot zuwa 37.5 ya bi, fot ya zama 76.5 saura 62.5 a gabanka, bai kai ninki ɗaya ba, a nan kusan kowane fulof turawa za ka yi. Kenan da A-A ko dai ka shigar da kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗinka kafin fulof, ko ka buga shi a hankali kamar kowane hannu. Mafi muni shi ne tsaka-tsaki, ka ƙara yadda kowa ya gane A-A ne da kai alhali saura kuɗi jibgi a baya, ka zama kana wasa da kati a buɗe su nasu a rufe.

Game da yawan abin da za ka zuba, ba dole kullum sai fot ba. A busasshen tebur kamar K-7-2 kala daban-daban kashi ɗaya cikin uku ko rabi ya isa. A jiƙaƙƙen tebur mai jeri da kala, idan kana da babban hannu ka zuba da yawa, masu nema su biya, kada ka yi lamɓo da set kana jiran wani ya faɗo, kati kyauta a Omaha tsada gare shi. Bulof kuma, wato zuba kuɗi da hannu marar ƙarfi don a tsorata a yar, ka rage shi sosai a farko, musamman idan kun fi biyu a fot. Wanda ya fi shahara shi ne na A tilo: zuciya uku a tebur, A♥ na hannunka ba tare da wata zuciyar ba, ba ka da fulash amma ka san babu mai nots. Dabara ce mai kyau a kan mai iya yar da kati, a ƙananan tebura kuwa mutane ba sa yar da fulash ko na 6 ne, don haka ka ajiye ta sai ka san mutumin.

Mataki na takwas: jari da kai

PLO yana da hawa da sauka fiye da Holdem nesa ba kusa ba, don kuɗi na yawan shiga a kashi 55 da 45 ko 60 da 40, za ka iya buga daidai ka rasa sau biyar a jere. Ka fara a teburan kuɗin wasa ka saba da karanta tebur, idan za ka koma na gaske ka tabbata shekarunka da dokar inda kake sun ba ka dama, ka fara daga mafi ƙanƙanta, a manyan shafuka irin PokerStars akwai tebur na balaind santi 1 da santi 2 inda cikakken zama dala 2 ne. Ni shawarata kada ka zauna a matakin da ba ka da kuɗin zama 50 nasa a ajiye, kuma ya zama kuɗin da idan ya tafi duka ba zai taɓa cefanenka ko hakkin wani ba, bashi kuwa ko kusa. Idan jarin ya ragu ka sauka mataki. Ka sa wa kanka iyaka tun kafin ka zauna, zama uku suka tafi ka tashi, domin a teburin kuɗi balaind ba ya hawa, babu mai riƙe ka, kuma wanda ransa ya ɓaci a Omaha kowane kati huɗu kyau suke yi masa. Idan ka ga kana komawa don ramuwa ko kana ɓoye wa na kusa da kai abin da ka rasa, wannan ba maganar dabara ba ce kuma, ka dakata ka nemi wanda za ka yi magana da shi.

Kada ka manta da rek, wato kason da gidan wasa ke cira daga fot. A ƙananan tebura yana da nauyi ƙwarai saboda a PLO ana yawan ganin fulof, kuma wannan wani dalili ne na matse hannu, hannayen da ke kan iyaka rek ke mayar da su asara. Inda aka ba da damar buɗe sauran katin sau biyu bayan an tura duka, karɓa ba ya canza ribarka a dogon zango, yana dai rage girgizar. Tebur ɗaya ko biyu ya ishe ka a farko, kuma ka bar nau'in kati biyar da shida da mai raba fot sama da ƙasa sai ka zauna da gindinka a na huɗu.

Bayan kowane zama ka ware hannu uku mafi girma da ka buga, wanda ka ci da wanda ka rasa, ka saka su a na'urar lissafin kaso ka ga nawa kake da shi lokacin da kuɗin ya shiga. Kafin ka danna ka fara rubuta hasashenka a takarda, sannan ka gwada da amsar. A kowane hannu ka rubuta kujerar da kake, mutum nawa suka ga fulof, aut nawa ka ƙirga, nawa ne nots a ciki. Bayan sati biyu ka dawo ka karanta takardar daga sama, ka ja layi a ƙarƙashin duk inda ka shiga daga balaind da hannu mai bare, ka haɗa abin da waɗannan kaɗai suka ci maka.